Motar Araha Mai Dogon Zango: A Saya Ko a Haƙura?

 

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha, ƙanina ya yi mini sallama, fuskarsa cike da fara'a. Malamin makaranta ne, shekararsa goma sha ɗaya yana koyarwa, kuma duk tsawon shekarun nan a kan babur yake, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu. In za a je asibiti ko gidan suna, ko dai ya yi sawu biyu, ko a tari A Daidaita Sahu. Ya daɗe yana zubin adashi, ya kuma sayar da ɗan filin da ya gada, kuɗi suka ɗan taru. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Yaya, na ga mota. Corolla ce ƙirar 2005, kuɗinta bai kai na 'yan'uwanta ba ko kusa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Malejinta ya nuna 240,000. Me ka gani?"

Wannan tambaya na zo muku da ita yau, domin ba ta ƙanina ba ce shi kaɗai. Akwai lokacin da ƙaramin ma'aikaci zai daure ya tara kuɗi, a sauko masa da 'yar Kwatano mai sheƙi, ta biyo ta Nijar ta shigo ta Jibiya ko Maigatari. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, wata ɗaya bayan nan aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin da a da zai sayo maka tokumbo sabuwar sauka, yau da kyar zai sayo maka wadda ta shekara goma tana shan ramukan garin nan. Shi ya sa idon jama'a ya koma kan motocin da a da ake wucewa ba a ko tambayar kuɗinsu.

Abin da na fara tambayar ƙanin nawa shi ne, 240,000 ɗin me? Ya yi shiru. Mutane da yawa ba sa lura da wannan. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil take ƙirge, ta Turai da ta Kanada da kilomita. Mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi. Tasa 'yar Amurka ce, saboda haka abin da ta ci ya kai kilomita 386,000. Kewayen duniya kilomita 40,000 ne, ke nan motar nan ta yi tafiyar da ta fi kewaya duniya sau tara. In kuma da hanyarmu za mu auna, kamar ta je Legas daga Kano ta dawo sau wajen ɗari da casa'in ne.

Na ga jikinsa ya yi sanyi. Na ce da shi, dakata, ai ban ce kada ka saya ba.

Wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Irv Gordon ya sayi Volvo sabuwa a 1966, ya yi ta tuƙa ta har ya rasu a 2018, lokacin ta haura mil miliyan uku, ta kuma shiga kundin Guinness. Ba ma sai mun je Amurka ba. Dattawanmu sun san Fijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna a da, sun san irin wahalar da ta sha a hannun direbobin haya, ga ta nan har yau ana cin karo da ita a hanyoyin ƙauye ranar kasuwa. Ku shiga kowace tasha ku dubi Golf da Sharon da ke jigilar Kano zuwa Kaduna, Kano zuwa Maiduguri. Malejin wasu ya daina juyawa tun shekaru, suna nan suna ciyar da iyali. Inji ƙarfe ne da ke gogar ƙarfe, abin da ke tsakaninsu baƙin mai ne. In ana juye shi a kan kari, ba a bar injin ya tafasa ba, iskar da yake shaƙa tana bi ta matata mai kyau, to zai daɗe fiye da zaton mutum.

Sannan ba kowace tafiya ce ke cin mota daidai da 'yar'uwarta ba. Motar da ta yi rayuwarta a kan babban titi, ta kama gudu ɗaya tana tafiya awa biyu ba birki ba canjin giya, ta huta. Wadda ta wahala ita ce ta cikin gari: a tayar da ita da safe da sanyin inji, a yi tafiyar minti biyar a kashe, a tsaya a cunkoso inji na aiki mota ba ta motsi, ga zafin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga rami. Maleji ba ya ƙirga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haka wadda aka jingine a gareji shekara uku ba a taɓa ta ba. Lambarta kaɗan ce, amma robobinta sun bushe, mai ya daskare, birki ya kama. Don haka mil 240,000 na mutumin da ya kula da motarsa ya fi mini mil 90,000 na wanda ba ya juye sai ya ji inji na kuka.

To amma a nan matsalar take, jama'a. Wa ya ce lambar da ke gabanka gaskiya ce?

Ba'amurke yakan yi tafiyar mil 12,000 zuwa 13,000 a shekara. Motar da ta shekara goma sha biyar a can kafin a ɗoro ta a jirgin ruwa, abin da hankali zai ɗauka shi ne ta zo da wajen mil 180,000. Amma ku zaga wuraren sayar da motoci, za ku ga kusan kowacce 70,000 ko 80,000 take nunawa. A zamanin maleji mai juyawa sai an kwance shi ake mayar da shi baya. Yanzu da ya koma na lantarki, na'ura ake jonawa, cikin mintuna kaɗan an rubuta lambar da ake so. Wannan ya sa da ƙanina ya ce mini 240,000, hankalina ya fi kwanciya. Na ce a raina, ga mai mota da bai taɓa lambarsa ba. Wanda bai ɓoye wannan ba, akwai alamar ba zai ɓoye sauran ba. Ku kuma riƙe wannan: Corolla da Matrix da Pontiac Vibe na shekarun 2003 zuwa 2008, da yawansu malejinsu na tsayawa cak in ya kai 299,999. Wanda ya ga wannan lamba, ya san abin da motar ta ci ya wuce haka.

Dole in faɗi wata magana da ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Mu masu saye muna da hannu a wannan ha'inci. Dillali ya kawo mota da lambarta ta gaskiya, mun gudu. Maƙwabcinsa ya rage lambar, mun yi layi. Me muka koya wa na farkon? Wani masanin tattalin arziki, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar motocin hannu a 1970, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, in mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, zai taya kowacce da kuɗi kaɗan, mai mota ta gari ya ga ba zai sayar da asara ba ya janye, kasuwa ta cika da tarkace. Bahaushe ya riga ya san tushen zancen, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Addininmu kuma bai bar wurin a buɗe ba. Ɓoye aibin haja algus ne, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ina kira ga 'yan'uwanmu dillalai, na san ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai masu tsoron Allah a cikinku da na sani. La'adar da aka ci da rage maleji, da kashe fitilar gargaɗi, kuɗin wani bawan Allah ne da ya shekara biyar yana tarawa. Wani lokacin ma ba kuɗinsa kaɗai ba, har da ransa da na 'ya'yansa.

Akwai hanyar bincike da ba ta da wuya. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, tana nan a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofa. In motar daga Amurka ko Kanada ta fito, da wannan lamba ake nemo tarihinta a intanet ta kamfanoni irin su Carfax: mutum nawa suka riƙe ta, mil nawa ta nuna ranar da aka yi mata gwajin ƙarshe, ta taɓa haɗari ko ba ta taɓa ba. Motoci masu yawa da ke shigo mana daga wuraren gwanjo irin su Copart aka sayo su, bayan kamfanin inshora ya ce gyaransu ya fi kuɗinsu. Wadda aka buga mata bamba aka gyara, ba ni da ja a kanta. Wadda nake tsoro ita ce wadda ruwa ya ci. Guguwar Harvey da ta auka wa birnin Houston a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Irin waɗannan a wanke su, a busar, su yi ƙyalli, amma ruwa ya riga ya shiga wayoyi da kwamfutar mota. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta mutu a tsakiyar titi, mai wayarin ya yi ta lalube har ya gaji. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. A cikin wannan tuli akwai na gari, akwai kuma waɗanda masu su suka yi murna da rabuwa da su.

Mu koma kan ƙanina. Na ce masa ba a cinikin biri a sama, sai mun gani. Na kafa masa sharaɗi biyu. Na farko, da sassafe za mu je, kafin a tayar da motar. Na biyu, da bakanikenmu za mu je, ba wanda mai mota ko dillali ya kawo ba. Akwai wani dattijo da ya fi shekara talatin yana wannan sana'a, Baba muke ce masa. Muka biya shi kuɗin yininsa, ya rufe gareji ya biyo mu.

Ina so ku bi ni sannu a hankali a nan, domin abin da Baba ya yi a awa ɗaya da rabi ya fi duk wata shawara da zan ba ku.

Da muka isa bai ko dubi fenti ba. Tafin hannunsa ya ɗora a kan bonet. Sanyi ƙalau. Ya ce, "Madalla." Inji mai ciwo da safe yake tona kansa, shi ya sa wasu ke tayar da mota su ɗumama ta kafin mai saye ya iso. Ya durƙusa ya dubi ƙasa inda motar ta kwana, yana neman ɗigon mai ko na ruwa. Ya buɗe murfin baƙin mai ya juya shi. In ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikin murfin, ana zargin ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ya ƙone ke nan. Ya haska tocila cikin ramin. Injin da aka kula da shi ciki wankakke yake, launin zuma. Wanda aka yi wa sakaci za ka ga baƙin daskararren abu kamar kwalta. Ya zaro sandar gwada mai, ya murza man a yatsunsa. Ya ce wasu kan ɗura mai mai kaurin gaske don ya rufe ƙarar inji na 'yan kwanaki. Ya buɗe lagireto tun da inji da sanyi, ya ga ruwan ciki. Ruwan famfo ne, ya yi ja da tsatsa. Ya girgiza kai, amma bai ce komai ba tukuna.

Sai ya ce da ƙanina, "Malam, shiga ka murɗa makulli, amma kada ka tayar." Fitilun gaban direba suka kama. Baba ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya: ta mai, ta batir, ta inji, ta birki, ta balan-balan ɗin kariya. Ku ji dalili. Dole kowacce ta kama in an murɗa makulli, ta kuma mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, to an cire ƙwan ne ko an liƙe shi don kada ta yi magana. Aka tayar. Baba ya koma baya ya tsaya a bakin salansa. Hayaƙi shuɗi, inji na cin baƙin mai, ringi sun gaji. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Baƙi, fetur ne ke ƙonewa ba bisa ƙa'ida ba, aljihunka zai ji a jikinsa. Wannan ba ta fitar da ko ɗaya ba. Yaronsa ya jona 'yar na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wannan mahaɗa, kuma na'urar yanzu ba ta da tsada, har da waya ake haɗa ta.

Daga nan ya dubi abubuwan da ke gaya maka shekarun mota ko maleji ya yi ƙarya: robar birki da ta totur, yadda sitiyari ya goge, yadda kujerar direba ta lotsa. A motar nan duk sun yi daidai da lambar. In ka ga mota na nuna mil 60,000 amma robar birkinta ta cinye har ƙarfe ya fito, ka san wanda za ka gaskata.

Muka hau titi. Baba ya hana a kunna rediyo, ya sa aka sauke gilashi. Ba zagayen layi muka yi ba, sai da muka fita bayan gari muka yi fiye da rabin awa, domin giya mai sarrafa kanta sau da yawa sai ta yi zafi take nuna halinta. Yana sauraron yadda take canjawa: tana fizga, tana jinkiri, inji na ihu mota ba ta ja? Ya sa aka saki sitiyari na ɗan lokaci a miƙaƙƙen wuri don a ga ko tana janyewa gefe. Ya sa aka taka birki da ƙarfi. Ya sa aka bi ta kan ramuka da gangan, muka ji ƙwanƙwasa daga ƙafar gaba. Idonsa kuma na kan allurar zafi. Ba ta tashi zuwa tsakiya ba ko kaɗan. Nan ya yi magana. Ya ce an cire mata tamostat, an kuma haɗa fanka kai tsaye. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a garejinmu, wai don ƙasarmu da zafi. Gyaran gangar Auzinawa ne. An ƙera inji ya yi aiki a wani mizanin zafi, in bai kai ba sai ya yi ta shan mai yana cin kansa. Wani lokacin kuma an yi hakan ne don a rufe ciwon tafasa da ba a magance ba.

Ƙarshe aka hau da ita kan rami, Baba ya shiga ƙarƙashi. A can ake ganin abin da fenti ba ya rufewa: walda a jikin shasi, lanƙwasar tsohon haɗari, da tsatsa. Motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, sukan ruɓe ta ƙasa sama na sheƙi. Inji in ya mutu ana sauke shi a ɗora wani. Shasin da ya ruɓe ko ya karye ba shi da magani, kuma ranar haɗari shi ne zai kare ka ko ya kasa. Shasin wannan lafiya lau. Sai dai an yanke mata abin nan na cikin salansa da bakanikai ke kira indomi, wanda ke tace hayaƙi. Ana sace shi ko a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Tayoyi kuwa, Baba ya nuna mana lambobi huɗu a gefen kowacce. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ɗaya ta nuna 2314, wato mako na 23 na shekarar 2014. Zanenta bai cinye ba, amma robar ta tsufa ta tsattsage. Irin wannan ce ke fashewa a hanyar Zariya da tsakar rana.

Da ya fito ya goge hannu, ya ce, "Inji da giya da shasi suna da rai. Sauran duk kuɗi ne."

Wannan hukunci bai rasa nasaba da irin motar ba. Injin Corolla ta wannan zamani da kaca yake aiki, ba da bel ba. Motocin da ke da taimin bel, kamar Golf da Honda mai silinda shida, akwai wa'adin canja shi, kuma a injuna da yawa in ya tsinke ana tafiya sai ya tafi da bawul. Wanda ya sayi irin wannan bai san ranar da aka canja ba, ya canja kawai. Kowace ƙira da ciwonta. Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, an san injinta da shan baƙin mai. Honda Accord ta 2003 mai silinda shida an san ta da ciwon giya. Bakanikai sun haddace waɗannan, tambaya kawai ake yi. Abin da nake ba kowa shawara shi ne, kafin ka biya, ka je Ƙofar Ruwa in a Kano kake, ko Panteka in a Kaduna, ka tambayi kuɗin injin motar da giyarta. In kayanta na kowane shago, kuma kowane bakanike ya iya ta, tsufanta da sauƙi. Amma ƙatuwar motar alfarma ta Turai da aka karyar da kuɗinta har ya yi daidai da na ƙaramar Toyota, ka tambayi kanka me ya sa. Kuɗinta ne ya faɗi, kuɗin kayan gyaranta na nan inda yake tun tana sabuwa.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba, amma kada a yi wasa da su. Takardar kwastam, da shaidar mallaka, da lambar shasi su dace da juna harafi da harafi. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a canja suna. Araha ta fitar hankali wani lokaci alamar kayan sata ce. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: Corolla na waɗannan shekaru na cikin miliyoyin motocin da aka yi wa kiranye saboda balan-balan ɗin kariya na kamfanin Takata, wanda zafi da laima ke lalata sinadarinsa har ya fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Da lambar shasi ake dubawa ko an canja shi, kyauta, a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka.

Da daddare muka zauna da ƙanina da takarda da biro. Wannan zaman shi ne ya fi wuya, domin yanzu ba motar ake bincike ba, aljihunsa ake bincike. Na tambaye shi, in ka biya, nawa zai rage? Ya ce, "Yaya, kusan babu." Na ce to ba ka shirya ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga jerin Baba: taya huɗu, shakazoba biyu na gaba, tamostat, wankin lagireto da ruwan da ya dace, juyen baƙin mai da na giya, fulogi, takalman birki. Ba ɗaya a ciki da za a ce kwalliya ce. A ganina, duk wanda zai sayi mota irin wannan ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, in da hali ɗaya cikin uku, ya sayi motar da sauran. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke kashe mutane shi ne a zuba duk abin da aka mallaka a ciniki, wata biyu wani abu ya lalace, a rasa na gyara, mota ta zauna a ƙofar gida taya ta sace, awaki su mayar da ƙarƙashinta wurin hutu. Kowace unguwa akwai irinta, kuma kowace da mai ita da ya taɓa shigowa gida da fara'a kamar ƙanina.

Sai mai. Daga gidansa zuwa makaranta da dawowa, da 'yan zirga-zirga, kilomita 30 ne a yini. A ce motar na shan lita 10 a kowane kilomita 100 a cikin gari. Kwana 26 a wata, lita 78 ke nan. Kafin Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. In muka yi lissafi da 1,000, naira 78,000 ke nan a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. In kuwa inji ya gaji yana shan lita 14, lissafin ya haura 100,000. Ƙanina ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce shi bai taɓa kawo wannan a ransa ba, kuɗin saye kawai yake hange.

Akwai kuma mutanen da zan ce musu kai tsaye su haƙura. Wanda zai ci bashi mai wa'adi ya sayi tsohuwar mota don haya, yana sa ran ita za ta biya kanta, kwana uku a gareji sun isa su rikita masa lissafi. Wanda aikinsa kullum a kan doguwar hanya yake, har da dare, a wannan yanayi na rashin tsaro, lalacewar mota a daji ba maganar kuɗi ba ce kaɗai. Da wanda ba shi da bakanike ko ɗaya da ya yarda da shi.

Washegari muka koma wurin mai motar. Dattijo ne ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, shi ya riƙe ta tun saukarta. Muka shimfiɗa masa jerin Baba. Bai musa ko ɗaya ba, har ya ƙara mana da cewa na'urar sanyaya motar tana zuƙe iskar gas ɗinta duk bayan 'yan watanni. Ƙanina ya taya, dattijon ya ce albarka. Aka ɗan ja, aka haɗu a tsakiya, ya rage abin da ya kusa ɗaukar kuɗin taya da ƙafa, ya ce ya sallama. Ƙanina ya fasa sayar da babur ɗinsa, wanda da farko ya yi niyyar haɗawa da kuɗinsa. Da shi zai ci gaba da zuwa makaranta. Motar ta iyali ce: asibiti, ziyarar mahaifiyarmu, da ranar da ruwa ya sauko.

Kwanan motar biyar a garejin Baba kafin a bar yara su shiga. An sa taya, an gyara birki da ƙafa, an mayar da tamostat. Na'urar sanyi da indomi suna jiran albashin wata mai zuwa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ɗebo iyalin gaba ɗaya a sawu guda suka je gaishe da Hajiya, malejin ya ƙaru da mil goma sha tara.